Iskar Siton Gyaɗa

Mazurarin tagulla ɗaya, rufaffe gaba da baya. Zuciyar maikirowef, naɗe cikin tsohon bargo. Baturan sola biyu da inbata. Katako dogo. Wayar birkin keke. Madubin hoda. Fitilar lesa, irin ƙaramar nan mai jan ɗigo. Ragar kaji, naɗi guda. Man gyaɗa a galan. Kawu Da'u. Ni.

Abin da muka loda wa A Daidaita Sahu ke nan a Gaya. Mun ci rabin hanyar Ajingi kafin direban, wani Anas, ya kasa haƙuri.

"Baba, wai wannan kakaki ne ko tukunya?"

"Injin kumbo ne," in ji Kawu Da'u.

"Kumbo na zuwa sama?"

"Akwai wani kumbon?"

Anas ya dube shi ta madubi, ya dube ni, ya rage gudu. Daga nan duk ramin da ya gani sai ya zagaye shi da ladabi.

Kawu Da'u ƙanin mahaifiyata ne. Kimiyya ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Sa'o'insa da suka ajiye aiki wasu sun kama kiwon tumaki, wasu sun kama benci a ƙofar gida. Shi wani zaure ya samu a intanet, inda mutane daga ƙasashe daban-daban ke ƙera abu ɗaya a garejinsu suna nuna wa juna hoto. Akwai likitan haƙori, akwai mai gyaran agogo, akwai wani da matarsa ta kore shi da kayansa zuwa bayan gida. Kawu ya ce bai taɓa zama da mutanen kirki irinsu ba.

Bayanin abin gajere ne. Igiyoyin wutar nan marasa ganuwa da ke ɗumama tuwo a cikin maikirowef, su za ka kulle a mazurarin da ba shi da kafa ko ɗaya. Su yi ta dukan bango daga ciki. Wai dukan da faffaɗan gefe ke sha da na tsukakken ba ɗaya ba ne, don haka mazurarin zai matsa gaba, ba mai, ba hayaƙi, ba abin da ya fita ta baya. Kamar mutum ya zauna cikin mota ya tura sitiyari, motar ta tafi. Masu manyan ɗakunan bincike sun gwada sun ce ba komai. Na gaya wa Kawu haka. Ya ce su nasu suka gwada.

Inna Rekiya, mahaifiyata, ita ce babba a ɗakinsu, kuma ba ta taɓa ajiye muƙamin ba. Ta yi shiru da ya farke maikirowef ɗin matarsa. Ta yi shiru da ya hana daka a gidansa, wai turmi na girgiza ƙasa yana ɓata masa awo. Shirun ya ƙare ranar da ya fita titi ya tsayar da tifar yashi, ya roƙi direban ya kashe inji har ya gama duba wani ɗigo a bango. Gaya ba ta da girman da irin wannan zai ɓuya. Inna ta kira Kawu Tukur, wanda ke bin ta kuma shi ke da mota, suka yanke cewa asibitin ƙwaƙwalwa za a kai shi a Kano.

Kawu Da'u bai yi gardama ba. Gwaji ɗaya ya roƙa, a wurin da ba titi. Inna ta yarda, da sharaɗin in bi shi.

"Ke," ta ce, don ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana. "Kin yi boko har ƙasar waje. Ki je ki gani. In ilimi ne a bar shi da abinsa. In ba shi ba ne, Tukur na nan da mota. Kuma kalma ɗaya nake so, ba lacca ba."

A Izmir na yi karatu, a Turkiyya. Abin da na karanta shi ne yadda iska ke yawo a cikin gini: ta ina take shiga, ina take taruwa, yaya ake fitar da ita daga ɗakin tiyata ko ma'ajiyar magani. Inna ba ta taɓa tambaya ba. A wurinta injiniya injiniya ne. Tun da na dawo ta ba ni rediyo da injin markaɗe in gyara, na kasa, ta yi mini kallon da ba ta janye ba har yau.

Malam Sharfaddeen na jiranmu a bayan gidansa, ƙarshen Ajingi, inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Tsohon malamin gona ne, abokin Kawu tun makarantar horon malamai, kuma shi ma ɗan zauren nan ne na intanet. Yana da siton gyaɗa na bulo mai ƙofar ƙarfe. Bazara ce, siton babu komai sai wari da ƙwari.

"Mutanen Gaya, an iso?" Ya ɗaga bargon ya leƙa. "Wannan ne? Na zaci ya fi haka. Wannan ai ko zakara ba zai kai Kademi ba."

"Naka da ya fi girma ina ya kai?"

"Ya kai rufin kwano."

"Murfin ne ya kai rufi, Sharfa. Da rabin gemunka."

"Tafiya dai daga wani wuri take farawa." Ya juyo gare ni. "Injiniya, sannu da hanya. Ke ce alƙalin?"

"Shaida ce kawai, Baba."

"Ai shaida ta fi alƙali haɗari."

Na zo da niyyar ganin shirme. Ban gani ba. Kawu ya rataye katakon a kwance da wayar birki daga ƙarfen rufi, mazurari da zuciyarsa a gefe guda, batura a ɗaya gefen, har suka daidaita. A ƙarƙashi ya ɗaura cokali ya nutsa shi cikin kwanon man gyaɗa, don katakon ya daina lilo da wuri. Ya manna madubin hoda a tsakiya. Ya haska lesa a kan madubin, jan ɗigon ya faɗa bangon can nesa, inda ya liƙa awon tela. In katakon ya juya ko da kaurin gashi ne, ɗigon zai nuna. Sannan ya kewaye komai da ragar kaji ninki biyu, don igiyoyin da suka tsere kada su dafa mu. Ya ja wayar makunni zuwa bayan raga. Duk mahaɗar waya an yi mata dalma, an naɗe. Na ga ɗakunan gwaji a can da ba su kai wannan tsabta ba.

Muka rufe ƙofa muka zauna a kan buhunan wofi, muna jiran ɗigon ya tsaya. Ba magana, ba motsi. Ya kusa tsayawa Malam Sharfaddeen ya yi atishawa. Kawu ya ce masa yarhamukallahu da haƙora a cije. Muka sake jira. Ya kusa tsayawa wani ya yi sallama daga waje, yana neman aron galma. Amsa sallama dole ce. Kawu ya amsa cikin raɗa, mutumin bai ji ba, ya sake da ƙarfi, ya haɗa da buga ƙofa. Ɗigon ya yi yawo har ya fita daga awon telan.

Sai bayan azahar ya tsaya cik. Kawu ya yi bisimilla ya danna.

Abin ya yi gurnani kamar tsohon firji. Da farko ba komai. Sannan ɗigon ya fara rarrafe zuwa hagu, a hankali, kamar kaska a kunnen kare. Ya wuce layi ɗaya. Ya wuce na biyu. Kawu ya kashe. Bai yi ihu ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Allahu akbar," in ji Malam Sharfaddeen. "Ya tafi. Kuma gabas ya nufa. Da'u, injinka ya san alƙibla."

"Kawu," na ce, "a juya shi."

"Shi ne gwaji na biyu," ya ce. "Ba sai kin faɗa ba."

Dalilin a fili yake. In mazurarin ne ke turawa, to da an juya bakinsa, ɗigon zai koma dama. Muka jira ya huce, muka kwance, muka juya, muka ɗaure, muka sake zaman jira. Zufa ta jiƙe mini mayafi. Kawu ya danna.

Ɗigon ya rarrafa hagu. Layi ɗaya. Na biyu.

"Ƙila gabas ɗin yake so," in ji Malam Sharfaddeen.

Kawu ya miƙa hannu ga makunni. Ya kashe, ya zauna yana kallon bango.

Na ce a samo mini turaren tsinke. Malam Sharfaddeen ya leƙa waje ya ƙwala wa matarsa Hure kira, ta aiko da shi. Wannan aikin farko ne da ake koya mana: in kana son ganin hanyar iska, ba ta hayaƙi. Na ɗaga ragar na shiga, abin a kashe amma da zafinsa. Na kunna tsinken. Nesa da katakon hayaƙin ya miƙe sama sak. Da na kai shi kusa da zuciyar, inda ƙarfe ya yi zafi, sai ya karkace, ya kwanta, ya bi gefen tagullar da gudu.

"Ga ta nan," na ce. "Kun gan ta? Nan take tasowa. Ta bi ta nan, ta zagayo, ta tura katakon. Ko ina kuka juya bakin, ita ba ruwanta."

Na ji ƙarar kwano a bayana. Hure ce a bakin ƙofa, ta kawo mana fura. Ta dubi turaren, ta dubi mazurarin, ta dube ni a durƙushe gabansa. Ta ajiye kwanon ta juya. Takalminta ɗaya ya zauna tare da mu.

Ban kula ba. Kawu nake kallo. Ya karɓi tsinken ya gwada da kansa, sau da yawa, ta sama, ta ƙasa.

"To," ya ce. "Iska ce."

"Ita ce, Kawu."

"Amma ba a ce babu ba. An ce iska ta rufe. Mai yiwuwa ƙaramin turi na nan a ƙarƙashinta."

"Babu, Kawu."

"Kin auna?"

"Ban auna ba."

"To ba ki sani ba sai an cire iskar." Fuskarsa ta saki. Mutumin da gwajinsa ya faɗi, ga shi yana murmushi kamar an yi masa albishir. "Sharfa, tanki za mu nema."

Wayata ta yi ƙara. Inna ce. Na fita inuwar siton. Na riga na shirya kalmata, ilimi ne, kuma gaskiya ce. Amma Inna ba ta barin mutum ya fara.

"Ya motsa?"

"Ya motsa, Inna."

"Shi Da'un ne ya motsa shi?"

"A'a. Iska ce."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta kashe.

Na tsaya da wayar a hannu. Na daɗe a ƙasar da iskar shaƙa ke da sunanta, mutanen ɓoye ke da nasu daban. A kaina kalmar ta koma mai ɗaki ɗaya. Na manta a gida ɗaki biyu gare ta, kuma Inna a na biyun take zaune. Na kira, ba ta ɗauka ba. Na kira Kawu Tukur, ya ce suna hanya, tuƙi yake.

Kafin la'asar mutane sun taru a gindin darbejiyar da ke tsakanin siton da gari. Ba wanda ya wuce inuwarta. Hure ta rantse mutum ɗaya ta gaya wa. Mai neman galma ya ce shi tun da ya ji an amsa masa sallama da wata irin murya ya san akwai magana.

Motar Kawu Tukur ta tsaya nesa. Inna ta fito da carbi a hannu, ta tako har rabin fili ta tsaya. Ta yafito ni.

"Kin gan ta da idonki?"

"Ba a ganinta, Inna. Sai da hayaƙi."

"Na ji. An ce turare kika kunna mata."

"Don in ga inda take bi."

"A can aka koya miki haka?"

"A can."

"Duk shekarun nan abin da kika karanta ke nan?"

"Shi ne fannina."

Ta juya ta dubi Kawu Tukur. "Kuma ba wanda ya gaya mini. Ina ta ba ta rediyo."

"Inna, ki tsaya. Iskar da nake nufi, iskar shaƙa."

"Har shaƙarta kuka yi?"

"Kowa na shaƙa. Ke ma yanzu haka..."

Ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ja da baya. Mutanen darbejiya suka yi yadda ta yi.

"Fara ce ko baƙa?" wata tsohuwa ta tambaya daga can.

"Ba ta da launi, Iya. Zafi ne da ita. In ta yi zafi sai ta tashi sama."

Aka yi ta salati.

"Daga Gaya kuka taho da ita," in ji Inna, "ko a nan kuka tarar da ita?"

"A nan muka tarar."

"Kai, Injiniya!" Malam Sharfaddeen ya fito daga siton da sauri. "Ki gyara zancenki. Wa zai ƙara sayen gyaɗata? Hajiya, sitona lafiya lau yake."

"Akwai a Gaya ma," na ce, don in taimake shi.

"A gidan Da'u?"

"A ko'ina, Inna. A gidanmu ma. Ɗakinki ne ma ya fi tara ta, saboda ba kya buɗe taga."

Na ga kowace amsa tawa gaskiya ce, kuma kowacce tana ƙara zurfin ramin.

Kawu Tukur mutum ne mai son a gama abu. Ya kaɗa makullin mota. "To Yaya, asibitin fa? In za mu je mu kama hanya, kada dare ya yi mana."

"Asibiti na maganin iska ne?" Inna ta yi masa tsawa. "Ka taɓa ganin an yi wa iska allura? Ƙanina lafiyarsa ƙalau. Na san Da'u. Ni na goya shi. Yaron da ya haddace izu goma kafin ya yi kaciya, shi ne zai tare tifa da hankalinsa? Jan sa aka yi." Muryarta ta karye. Ta share ido da bakin mayafi. "Har na kusa kai shi cikin mahaukata, bawan Allah."

Kawu Tukur ya mayar da makulli aljihu. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Ba ta hanyar da na shirya ba, amma mota za ta koma Gaya da mutum biyu.

Sai Kawu Da'u ya fito. Yana bakin ƙofa tun ɗazu yana ji. Ya gyara hula, ya tako tsakiyar fili, ya tsaya yadda yake tsayawa gaban allo.

"Yaya, ba haka ba ne."

"Sannu, Da'u. Sannu. Kada ka wahalar da kanka."

"Ki saurare ni. Jama'a, ku ma ku saurara, da yawanku na koyar da 'ya'yanku. Babu aljani a cikin siton nan. Iskar da yarinyar nan ke faɗi ita ce wadda ke kaɗa ganyen bishiyar da kuke tsaye a ƙarƙashinta." Wasu suka ɗaga kai, suka fita daga inuwar. "Ba wanda ya ja ni. Ba wanda ya sa ni. Ni na zauna na karanta, na sayi tagulla, na kai wa maƙeri, na tsaya a kansa. Tifa kuma ni na tare ta, kuma da ta sake zuwa lokacin awo zan sake tarewa."

"Don me?" in ji Inna, a hankali.

"Don in ga ko za a iya tura kumbo zuwa duniyar Mas da wutar ɗumama tuwo."

Wata akuya ta yi kuka a bayan gari.

"Da hankalinka?"

"Da hankalina, Yaya. Ban taɓa jin hankalina ya cika kamar bana ba."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Hawayen ya bushe.

"Tukur," ta ce.

Kawu Tukur ya ciro makulli. Ya je ya buɗe ƙofar baya, ya kawar da darduma daga kan kujera. Maza biyu daga cikin jama'a suka fara matsowa, irin matsowar da ake yi wa rago ranar sallah, ana murmushi.

Ba ni da dogon tunani a kan abin da na yi. Na shiga tsakaninsu.

"Inna, ba inda za a kai shi sai an fitar da ita."

"Kin ji abin da ya ce."

"Na ji. Bari in tambaye shi a gabanki." Na juya. "Kawu, gaskiya ne ko ba gaskiya ba, iska ce ta motsa abin nan?"

"Gaskiya ne, amma..."

"Kai ka motsa shi?"

"Ba ni ba ne."

"Za a san gaskiyar lamarin nan ba a fitar da ita ba?"

"Ba za a sani ba. Ai tun ɗazu..."

"Ka yarda a fitar?"

"Ni na fara cewa a fitar!"

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar darbejiya. "Ya yarda. Yawanci ba sa yarda."

Inna ta dube shi, ta dube ni. "Ɗazun da yake zancen Mas, shi ne ko ita ce?"

"Da ita yake magana, Inna. Ba mai iya magana sai da ita."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka tabbatar mata da abin da ta daɗe da sani. "Za ki iya fitar da ita?"

"Ana sa abin a cikin tanki, a toshe ko'ina, a zuƙe ta da inji."

"Ba duka, ba hayaƙin barkono?"

"Babu."

"Kai, Turawa." Ta yi ajiyar zuciya. "Tana fita gaba ɗaya?"

"Ba ta taɓa fita gaba ɗaya. Ko a can ba su taɓa iyawa ba. Ragewa ake yi. Ka rage yau, gobe ka tarar ta sami kafa ta dawo, ka sake."

"Haka suke," in ji tsohuwar.

"Zai ɗau lokaci ke nan."

"Zai ɗauka. Kuma dole yana wurin, shi ya san kan abin."

"To ya zauna." Inna ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Da'u na hannun 'yar nan. Ba mai taɓa shi, ba mai kai shi ko'ina, sai ta ce an gama. Tukur, rufe motar nan, kana tara mana ƙuda."

Kafin ta tafi ta kama hannuna, abin da ba ta yi ba ko a filin jirgi ranar da na dawo. "Ashe karatun na da amfani," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ki riƙa addu'a kafin ki shiga. Kuma in kin samu sarari ki duba mini ɗakin nan nawa."

Wani dattijo ya biyo ni har kusa da siton, ya tsaya inda ƙarfin halinsa ya ƙare. Ya ce tasa iskar da rana take zuwa, ta buga ƙofar zaure ta fita. Na ce ya sa dutse. Ya tambaya wane irin dutse. Na ce kowane iri. Ya tafi yana jinjina kai.

A ciki Malam Sharfaddeen ya riga ya fara zane a ƙasa da tsinken turaren da ya mutu. Ya ce akwai tsohon tankin ruwa na ƙarfe a gidan ƙaninsa, akwai kuma mai gyaran firji a bakin kasuwa da ke da kwamfuresa. In aka juya bakinta, maimakon ta hura sai ta zuƙa. Ya tambaye ni ko tankin zai jure. Na ce zai lotse kamar gwangwanin madara. Ya ce to a yi masa haƙarƙari daga ciki. Na ce wannan zai iya yi.

Kawu Da'u bai zauna ba. Yana tsaye, hannuwa a baya.

"Bara'atu."

Rabon da ya kira ni da sunana tun ina firamare.

"Na'am, Kawu."

"Kin bar yayata cikin duhu."

"Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba."

"Shi ya fi muni. Da ƙarya kika yi da na ƙaryata ki." Ya nuna waje da haɓa. "Rayuwata duka ina gaya wa yara walƙiya ba bulalar kowa ba ce. Yau a gabana an mai da ni mai iska. Gara a ce mini mahaukaci."

"An ce, Kawu. Har an buɗe maka ƙofar mota."

"Da'u," in ji Malam Sharfaddeen, bai ɗago ba, "a can asibitin ba a barin mutum da waya, balle batir. Zo ka riƙe mini nan."

"Bayani ɗaya ya rage. Ban kawo mata misalin tukunya da murfi ba. In ta ji wannan za ta gane," in ji Kawu Da'u.

Ta kafar ƙofa na hango motar ba ta tashi ba tukuna. Inna na tsaye tana sallama da Hure, Kawu Tukur na goge gilashi. Kawu Da'u ya gyara hula ya nufi fita.

Na riga shi. Na ja ƙofar ƙarfen ta rufu, na sa sakata, na jingina da ita.

"Ba wanda zai ƙara yi wa Inna bayani," na ce. "Gobe za mu ɗauko tankin."